Sawun Inna Tsaf a Kan Tayil

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Inna Tsaf ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba, don ita a wurinta yabo ne. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, wadda ko gaisawa kuke yi idonta na ƙasa yana neman abin da ya faɗi. In ka je gidanta ka sha ruwa, kafin ka gama godiya an wanke kofin an kife. Jikokinta sun san dokar gidan tun bakinsu bai buɗe ba: ɓawon lemo a hannu ake riƙe shi har a kai kwandon shara.

Ba haka kawai ta tashi da halin ba. Tun tana budurwa take aikin shara da goge-goge a wani asibiti, a can ƙarfinta ya ƙare har ta ajiye aiki. A can ma ta samu miji. An kawo shi ya sa tayil a wata doguwar baranda, ya gama ya tattara kayansa, aka turo ta ta wanke wurin. Ta tarar da busasshen siminti a jikin bango da sawun takalmi har bakin taga. Ta bi shi da tsumma a hannu ta tare shi a ƙofa, ta wanke shi tas a gaban jama'a. Shi kuwa ya tsaya yana murmushi, da ta numfasa sai ya tambaye ta ina ne gidansu. Har yau yakan ce faɗan ranar bai ƙare ba, hutu kawai ake ɗan yi a ci abinci.

Mijin nata, Baba Mai Tayil, dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: layi. Wato wannan siririyar tazarar da ake bari tsakanin tayil da tayil, wadda ake cikewa da farin siminti in an gama. Nasa layin in ya tashi daga ƙofa ba ya waiwaye sai ya bugi bango, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Yaran yanzu suna da 'yan robobi da suke cusawa a tsakani don tazarar ta daidaita. Shi bai taɓa yarda da su ba. Tsinken ashana yake amfani da shi, ya karye kan ya soka a tsakanin tayil, ya bar shi nan har simintin ƙasa ya kama.

Inna Tsaf ba ta san wannan ba. Ta ina za ta sani? Aikinsa a gidajen mutane yake, ita abin da ke isowa gare ta shi ne wandon da siminti ya sandarar, da aljihu cike da ashanar da ba kai. Ta taɓa tambayarsa sau ɗaya, ya ce kayan aiki ne. Ta ɗauka irin gajeriyar amsarsa ce ta a rabu da shi, ta yanke a ranta cewa sakace yake yi da su. Da yake ba ta iya zubar da abu mai amfani, sai ta riƙa tara su a wani gwangwanin madara, tana ɗaukar wuta da su daga wannan kan risho zuwa wancan.

Abin haushin, mutumin da ya ƙawata falon rabin garin, nasa falon daɓen siminti ne, har da tsagewa a tsakiya. Inna ta goge daɓen nan har ya koma sheƙi don dole. Duk sanda ta yi magana sai ya ce in ya gama aikin da ke hannunsa. Aikin hannunsa bai taɓa ƙarewa ba. Aka haifi yara a kan daɓen, suka yi rarrafe a kai, suka yi aure suka bar shi yadda suka same shi.

Sai girma ya zo. Gwiwa ta fara ƙara in zai durƙusa, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi likita ne da ya haska masa ido ya ce yanar ido ta fara fitowa a na hagu, kaɗan ce, kada ya tayar da hankalinsa. Ya dawo gida ya ɓoye maganar, amma Inna ta lura. Takan gan shi zaune ya rufe ido ɗaya yana kallon gefen ƙofa, ya buɗe ya rufe ɗayan. A daidai lokacin ne Auta, 'yarsu ta ƙarshe, da mijinta suka gama ginin ɗan gidansu, ba abin da ya rage sai tayil, kuma Auta ta rantse ba mai sa mata shi sai babanta. Ya yi ta ja mata rai, yau gobe, yau jibi. Rannan da safe yana shan shayi ya ce wa Inna a kwashe kujerun falo, nan zai fara yi.

Murna ta hana ta tambayar dalili. Daga baya ne ta gane cewa gwada kansa yake so ya yi a inda ba idon baƙo. In layi ya miƙe, ya je gidan Auta. In bai miƙe ba, shi ke nan, sana'a ta ƙare a cikin gida ba wanda ya ji.

Aka kawo tayil ruwan toka mai duhu, ita ta zaɓa. Ya ja igiya daga bango zuwa bango, ya kwaɓa siminti, ya fara daga can ƙuryar taga yana ja da baya. Ya kafa mata doka cewa iyakarta bakin ƙofa, daga nan take miƙa masa ruwa. Daga nan ɗin kuma ta hango tsinkayen ashana a tsaye cirko-cirko a kan sabon tayil ɗinta, ranta ya sosu. To amma kowace safiya sai ta ga ya bi ya tsince na jiya kafin ya ci gaba. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce a ranta ashe tarbiyya takan kama mutum ko da ya tsufa.

Ranar da ya sa tayil na ƙarshe a bakin ƙofa, rana ta yi sanyi. Ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu, ya ja ƙofar, ya ce zai je sayo farin siminti da soso, kada kowa ya shiga. Ya fita.

Inna ta yi wanke-wanke, ta share tsakar gida, ta zo wucewa ta ɗan tura ƙofar don ta ƙara kallon abin arziki. Rabin falon da ke kusa da ita cike yake da tsinkaye. Ta rufe. Ta je ta ninke wanki, ta dawo ta sake buɗewa, suna nan. Ta tuna ya ce kada kowa ya shiga, amma a saninta masu dattin ƙafa ake nufi da irin wannan magana, ita kuwa a gidanta ba kowa ba ce. Ga shi bawan Allah gwiwarsa na ciwo, in ta rage masa durƙuso ai lada ta samu. Ta wanke ƙafafunta har da sabulu, ta goge, ta shiga da sanɗa.

Ta bi ta tsakiya tana miƙa hannu dama da hagu tana zare su, ta karkata ta wajen bango, ta zagayo ta dawo ƙofa. Nan da can takan ji tayil ya ɗan zame a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta damu ba, sai ta sa babban yatsa ta tura shi inda take ganin ya dace. Ta fito da tsinkaye cike da hannu, ta wanke su, ta shanya, ta zuba a gwangwani. Ranar har 'yar waƙa ta yi a kicin. Shi kuma ya biya shagon abokinsa Mai Famfo suka sha hira, bai dawo ba sai da duhu ya fara, bai ko buɗe falon ba.

Da safe ya tura ƙofa ya tsaya. Ta taho da shayi tana jiran yabo, ta ce ta tsince masa sharar da ya bari.

"Yaushe?" ya tambaya.

Kalma ɗaya ce, amma ta daɗe da mutumin nan, ta san muryarsa. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta.

"Da safen nan."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya karɓi shayin ya yi mata sannu. Ya ce ta kyauta, yanzu siminti ya kama, da jiya ne ta taka da aiki ya lalace, domin tsinkayen nan su ne ke riƙe layi. Ya yi mata bayanin da bai taɓa yi ba tun aurensu, dalla-dalla, cikin jin daɗi. Inna ta tsaya da faranti a hannu tana gyaɗa kai.

Ƙurar siminti ta rufe tayil ɗin, ga ɗakin ba haske sosai da safe, bai ga komai ba. Ya dama farin siminti ya bi falon duka yana shafawa yana dannawa cikin tazarar, har ƙasan ya koma fari fat kamar an zubar da gari. Sai da rana ta take, hasken taga ya shigo, suka durƙusa su biyu da soso da bokiti suna gogewa. Layuka suka fara fitowa farare a kan ruwan toka. Na wajen taga sun miƙe sambal, har Inna ta fara sa rai ko Allah ya rufa mata asiri. Da suka iso rabin ƙofa sai abin ya bayyana. Nan layi ya yi faɗi har ɗan yatsa zai kwanta a ciki, can tayil biyu sun haɗe baki ba wurin zare, gaba kaɗan kusurwa huɗu da ya kamata su haɗu kowace ta kama gabanta. Farin simintin bai ɓoye komai ba, ƙara tona abin ya yi.

Baba ya miƙe ya daɗe yana kallo. Ya rufe idon hagu, ya buɗe, ya rufe na dama. Bai zarge ta ba ko a ransa, don tun da suke ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. In ta ce da safe, to da safe ne. Ya kwashi cokalin gininsa da gudumar roba da igiya da abin yankan tayil, ya wanke su wankin da bai saba yi ba, ya shafa musu mai, ya ɗaure a buhu ya ɗora can saman kabad. Da yamma tana kicin ta ji shi a waya yana ce wa Auta ta nemi wani cikin yaran nan masu robobi, suna da ƙoƙari.

Inna Tsaf mace ce mai kirki, amma akwai kalma biyu da ba su taɓa fita daga bakinta ba: ni ce. In kofi ya fashe a hannunta, wanda ya ajiye shi a gefen tebur ne da laifi. Don haka ta bi duk wata hanya ban da wadda ta dace. Ta shimfiɗa darduma a wurin, ya naɗe ta ya jingine. Ta dafa masa abin da ya fi so, ya ci kaɗan ya ture. Ta ce masa ai ba wanda zai lura, ya ce shi ya lura. Mutumin da ke fita tun sassafe ya koma zaman kujera a tsakar gida. Har ya fara miƙo mata kwalin magani ta karanta masa, rubutun da makon jiya da kansa yake karantawa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Tana kallo mijinta ya tsufa a 'yan kwanaki, kuma ta san da ƙafarta ta tsufar da shi.

Ranar hutu Auta ta zo ganin falo da mijinta da yaransu, Mai Famfo ma ya biyo su. Shi Mai Famfo tun suna samari ba abin da ke tsakaninsa da Baba sai tsiya. In Baba ya yi sabuwar riga sai ya tambaye shi wa ya ba shi aro. Ya shigo yana washe baki, ya riga ya tanadi abin da zai faɗa, sai idonsa ya sauka a kan layukan. Ya yi gyaran murya, ya ce kai, launin nan ya yi kyau, ba ya nuna datti. Auta ta kama zancen labule. Surukin ya duƙufa kallon silin.

Baba ya yi ɗan murmushi. "Faɗi abinka, abokina, na riga ka gani. Ido ya tafi."

Inna tana bakin ƙofa da tiren kofuna. Ta ga Mai Famfo, wanda bai taɓa raga wa mijinta ba, yau yana tausaya masa, ta ji ba za ta iya ɗauka ba. Ta dire tiren. Ta shiga kicin ta ɗauko gwangwanin madara ta ajiye a gaban Baba. Ta kori jikoki gefe, ta koma bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta.

"Kowa ya kalli ƙafata," ta ce.

Ta ɗage zani kaɗan ta shiga da sanɗa, daidai yadda ta yi rannan. Ta taka na farko, karkataccen tayil ne. Ta taka na biyu, shi ma haka. Tana tafe tana sunkuyawa tana zarar iska dama da hagu. Inda tayil biyu suka haɗe ta tsaya ta nuna yadda ta sa babban yatsa ta tura. Ta karkata wajen bango, ta zagayo ta dawo ƙofa, kuma duk inda layi ya kauce nan ƙafarta ta sauka, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta tsaya tana haki, ta dubi mijinta.

"Malam, ba da safe ba ne. Da yamma ne, kana fita. Ni ce."

Baba ya dubi layukan. Ya zari tsinke ɗaya daga gwangwanin, ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙararta bai kula ba. Ya kwantar da tsinken a kan layin da ke gefen sawunta, inda ba ta taka ba, tsinken ya rufe farin ruf, ba ragi ba ƙari. Ya matsa gaba ya gwada wani, haka. Ya rarrafa har gindin taga yana gwadawa, jikoki na bin sa a baya suna leƙe. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Inna ta tsorata ta ɗauka kuka yake yi. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye da bakin riga.

Nan fa Mai Famfo ya samu abin da yake so. Ya ce shi dama ya san Baba bai iya karkata layi da kyau haka ba, wannan aikin gwani ne. Ya roƙi Inna ta sake yin tafiyar don bai ga farkon sosai ba. Auta ta riƙe ciki ta faɗa kan kujera, yara suka jera suna kwaikwayon sanɗar kakarsu. Inna ta so ta haɗe rai, abin ya ƙi, ita ma ta fashe da dariya tana rufe fuska da mayafi. Rabonta da jin sanyi a rai irin na ranar har ta manta.

Da aka lafa, surukin ya ce ai akwai ragowar tayil a kwali, gobe zai zo da guduma a fasa waɗanda suka kauce a sake. Inna ta yi saurin cewa haka ne, a fasa. Baba ya girgiza kai.

"Ba mai taɓa shi," ya ce. "Tun ranar da matar nan ta tare ni a barandar asibiti nake jiran in ji ta ce ni ce. Yau ta faɗa, ga shaida a ƙasa, ka ce in fasa?"

Haka layukan suka zauna. Masu faɗin suna tara datti fiye da sauran, sai da tsohon buroshin haƙori suke fita, kuma Inna ke bin su kowace safiya ba ta taɓa ƙorafi ba. Baƙo in ya zo, kafin a kawo masa ruwa Baba ya nuna masa inda ta shiga da inda ta fita. Maganar ido kuwa, ita ta tasa shi gaba har asibitin da ta yi aiki, aka ba shi tabarau aka sa masa ranar dawowa. A hanyar fita ya tsaya ya nuna mata layin barandar nan, ita kuma ta nuna masa inda masu sharar yanzu suka bar datti a kusurwa.

Ranar da zai fara aikin gidan Auta, da sassafe ya sauko da buhun daga saman kabad, ya cika aljihu da ashana. Ya gaya mata kada ta kawo masa abinci can, Auta za ta dafa, kuma in ya tashi zai kulle ƙofar ya taho da makulli. Ta raka shi bakin ƙofar gida. Sai da ya yi nisa ta lura da abin da ke leƙowa daga bakin buhun: tsintsiyarta ce ya tafi da ita. Ta buɗe baki za ta ƙwala masa kira, sai ta ga yadda yake tafiya, kai a sama, buhu a kafaɗa, yana ɗaga wa mutanen layi hannu. Ta bar shi. Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana, sannan ta koma ciki ta ɗauko ɗaya tsintsiyar da take ɓoyewa a bayan ƙofa.